Kama da wane ba ta wane: allo biyu da na ƙona a Nima

Allon ƙaramar kwamfuta biyu na ƙona tsakanin daren Juma'a da ranar Litinin, kuma na biyun ne har yau yake ci mini rai. Na farko zan iya jingina shi ga tsautsayi, duk mai taɓa wuta da dalma ya san wannan warin. Na biyu kuwa ba ni da bakin kare kaina. Da hankalina, ido biyu, na zaro sabon allo daga leda na maimaita masa abin da na yi wa ɗan'uwansa, ina ta zagin wani bawan Allah da ke can China, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Aikin na Kawu ne, yayan mahaifiyata. Yana da gidajen haya uku, ɗaya a Nima, ɗaya a Mamobi, ɗaya a New Town, kowanne da tankinsa a sama da injin da ke tura masa ruwa. Duk wanda ya zauna gidan haya a Ankara, tamu ta Gana nake nufi ba ta Turkiyya ba, ya san rigimar. Wani ya kunna inji ya tafi kasuwa, tanki ya cika ya yi ta ambaliya a tsakar gida, kuɗin mita ya ƙare da tsakar dare, gari na wayewa a fara cacar baki kan wa ya kunna, wa ya manta. Na ce wa Kawu zan haɗa masa na'urar da za ta riƙa duba ruwan tanki, ta kunna inji ta kashe da kanta, ta kuma riƙe lissafin awa nawa ya yi aiki a wata, don a raba kuɗin wuta ba cuta ba cutarwa. Ya ce in gwada ya gani.

Gwajin bai ba ni wahala ba. Ina da Raspberry Pi 3 B+ tawa ta kaina, 'yar kwamfuta ce a kan allo guda mai jerin ƙafafu 40 da ake jona mata kaya, sai na haɗa mata ƙaramin allon ɗorawa a kan irin allon nan mai ramuka: soket mai rami 40 da zai zauna a kan ƙafafunta, rile (makunnin da na'ura ke sarrafawa) mai tada kontakta (babban makunnin inji), agogon DS3231, ɗan gilashi mai layi biyu, da sensa mai auna nisan ruwa da sauti. Sensar tana mayar da amsa da volt 5, ƙafar Pi kuma volt 3.3 take ɗauka, don haka na sa razista biyu, 1k da 2k, suka rage ƙarfin. Ku riƙe wannan. Na san ƙafar ba ta jure volt 5. Na sani sarai, har na yi wa wani yaro bayani a kai ina ƙasaita. Sannan saboda ƙwazo, ƙafafun GND (na volt 0, inda wuta ke komawa) guda takwas da ke jerin, wato 6, 9, 14, 20, 25, 30, 34 da 39, na bi su ɗaya bayan ɗaya na haɗe su da waya guda. Mako biyu na'urar ta yi a gidan Nima ba ta yi tari ba. Kawu ya ƙirgo kuɗi ya ce a yi wa gidaje ukun duka.

Shekarar 2022 ce, kuma wanda ya nemi Raspberry Pi a wannan shekara ya san abin da nake faɗa. Babu. Ƙarancin kayan haɗa na'urori ya kama duniya, allon da farashinsa na asali ya fara daga dala 35 sai ka same shi a hannun 'yan kasuwa ninki biyu, ninki uku, in ma ka samu. Ga sidi, kuɗin Gana, kuma tana ta gangarawa. Dalar da muka shiga shekara da ita a sidi 6 da 'yan kai, kafin Nuwamba ta haura 14 a wajen masu canji. Kuɗin da Kawu ya ba ni, in na bar su mako ɗaya a MoMo, asusun kuɗi na waya, sai su rame. Na bi kasuwannin kayan na'ura, na zaga Circle, na leƙa Tiptoe Lane, na shiga Zongo Lane, wanda yake da guda ɗaya ya faɗi kuɗin da ya sa na yi masa sallama ban taya ba.

Daga nan ne na koma kan sauran allunan da ke kwaikwayon Pi. Suna da yawa, wasu da sunan 'ya'yan itace kamar ita, wasu da sunan dutse. Na ga wani ƙarami mai IC ɗin Allwinner H3, wato ƙwaƙwalwar allon, mai araha sosai, har kuɗin Pi ɗaya zai sayi uku da canji. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin ba su yi mini komai ba. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa yana da ƙafa 40 masu dacewa da na Raspberry Pi. Wannan layi ɗaya shi na gina komai a kansa.

Muna da bes, wato majalisar hira, a bayan layinmu inda ake dafa ataya bayan isha'i. Mu huɗu ne masu cutar na'ura a ciki: ni, da wani abokina mai gyaran waya a Circle, da ɗalibin jami'a ɗaya, da wani mai haɗa sola. Daren nan hoton allon ya zaga hannuwa kamar kofin shayi. Ana buɗa shi da yatsa biyu har ya dishe, kowa na kawo nasa. Mai gyaran waya ya nuna wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli ya ce, "Masta, wannan Wi-Fi ne, na rantse." Ɗalibi ya ƙirga baƙaƙen IC biyu ya yanke mana girman RAM. Ni na nuna ƙaramin ramin USB da ke gefe na ce ta nan ake ba shi wuta, cajar waya ma ta isa. Muka ƙirga ƙafafu, ashirin sama ashirin ƙasa. Sai na zana jerin Pi a bayan takardar sukari daga ƙwaƙwalwata, na ɗora a kan hoton, na ce ga 1 nan, ga 2 nan, volt 5 a layin waje kamar yadda aka saba. Babu wanda ya musa. Da ma wa zai musa, ni ne mai Pi a bes ɗin.

Abin da ba na son tunawa shi ne, a ƙasan shafin nan akwai wurin sauke littafin allon da zanen wayoyinsa. Na gan shi. Na ce sai gobe in na samu Wi-Fi, kar in ƙona data. Goben ba ta zo ba. Na biya kuɗin allo uku, na kuma kai wa mai yankan roba, irin masu yin allon talla, ma'aunin akwati uku, duk daga hoton da muka buɗa da yatsa.

Kaya suka iso tsakiyar Nuwamba. Na soka cajar waya a ramin da na rantse a kansa, shiru. Ashe ramin ba na wuta ba ne, allon yana da nasa zagayayyen rami daban mai siririn baki, sai da na sake komawa kasuwa neman wayarsa. Ɗan ƙarfe mai ƙyallin nan kuma ba Wi-Fi ba ne, kiristal ne, allon ba shi da Wi-Fi ko kaɗan. Hasashe biyu sun faɗi tun kafin in fara aiki. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, to na ukun fa? Ni dariya na yi, na aika wa mai gyaran waya saƙon tsiya, na sa Armbian, manhajar Linux da ke tada allon, a katin memori, allo ya tashi lafiya lau. Kwana biyu yana kunne a kan tebur ba abin da ya same shi.

Daren Juma'a na kashe shi, na ɗauko allon ɗorawata na zaunar a kan ƙafafun yadda ido ya ga ya dace, wato ya rufe saman allon kamar yadda yake rufe Pi. Ya shiga daidai, ko gardama bai yi ba. Na kunna. Fitilar allon ta yi ƙyaf ta dishe, gilashi bai kawo komai ba. Na kai yatsa kan babban IC ɗin na janye da sauri, zafinsa kamar gindin butar ataya. Na zare wuta. Na cire allon ɗorawa na sake kunnawa, ko motsi.

Ga inda na ɓata. Na ɗauki allon ɗorawar na mayar kan Pi tawa don in ga ko shi ne mai laifi. Rile ya yi ƙas, sensa ta karanta, agogo na tafiya, gilashi ne kaɗai ya mutu. Sai na ce shi ke nan, an gano ɓarawo: kayana lafiya suke, allon China ne rubabbe, ya ji nauyi kaɗan ya ƙone har ya tafi da gilashina. Na zauna na rubuta wa mai sayarwa doguwar wasiƙa da Turancin fushi. Na gaya wa 'yan bes cewa araha ba ta ado. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba me ya sa allon da ya kwana biyu yana aiki ya mutu a daidai daƙiƙar da na ɗora masa abina. Mitar gwada wuta tana rataye a ƙusa, taku biyu daga inda nake zaune. Ban taɓa ta ba.

Ranar Asabar na sayo sabon gilashi. Ranar Litinin, 28 ga Nuwamba, Gana na buga wasa da Koriya ta Kudu a Katar da ƙarfe ɗaya na rana. Nima ta watse zuwa gaban talabijin, ga ɗan unguwa Mohammed Kudus a fili. Na ce yau zan samu shiru in gama aikin Kawu. Na sa rediyo a gefe, na liƙa sabon gilashi, na shirya allo na biyu, na tabbatar ya tashi shi kaɗai. Sannan na ɗora masa allon nan yadda na ɗora wa na farko, na kunna. Wannan karon ma ban zare wuta da wuri ba, wai ina ba shi lokaci ya tashi. Koriya ta riga ta rama biyun da aka ci ta, unguwa ta yi tsit, can sai Kudus ya jefa ta uku. Ihun da ya tashi daga Nima har kwanon rufi sai da ya amsa. A cikin ihun nan ne kafasitar da ke kan allona ta fashe, ban ma ji ƙarar sosai ba, sai dai na ga wani abu kamar auduga ya watsu a tebur, hayaƙi siriri na tashi, ga warin kifi ƙonanne. Yara na gudu a lungu suna buga gwangwani, ni ina zaune riƙe da waya a hannu ina kallon kuɗin Kawu.

Washegari na zuba gawa biyu da mai rai ɗaya a jaka na hau tiro-tiro zuwa cikin gari. A Zongo Lane akwai wani dattijo da ke gyaran rediyo da amfilifaya, rabin lasifikokin masallatan zango sun bi ta teburinsa. Bai taɓa rubuta layin umarni ɗaya a kwamfuta ba. Na gaishe shi, na fara zuba bayani kan Linux da rashin ingancin kayan China. Ya bar ni na gama. Ya ɗaga allon mai rai ya kawo kusa da tabarau.

"Ɗana, ina lamba ɗaya?"

Na nuna.

"Wa ya gaya maka?"

"Baba, haka take a Raspberry."

"Wannan Rasbarin ne?"

Ya kifa allon ya nuna mini bayansa da bakin sukundireba. Inda aka liƙa ƙafafun nan 40 da dalma, 39 zagayayyu ne, ɗaya tak mai kusurwa huɗu. Wannan mai kusurwar ita ce lamba ɗaya, haka masu zana allo suke yi tun kafin a haife ni. Tana can ɗaya ƙarshen, a kishiyar inda na nuna. Har da ɗan farin alama a gefenta ta sama, ƙarami kamar ƙwayar gero, wanda a hoton da muka buɗa ya narke ya zama dishi-dishi. Bai tsaya nan ba. Ya murɗa mitarsa zuwa wurin ƙara, ya ɗora baƙin tsinke a jikin ƙarfen ramin USB, ya bi ƙafafun da ja ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta yi ƙii sai ya ɗiga biro a takarda. Ɗigo takwas. Ya juyo mini takardar, ga jerin GND na Pi nan sak, amma a kife, kai ya koma ƙafa. Duka aikin bai kai minti uku ba. Shayin da ya aika a sayo mini ma bai iso ba.

Wato abin da aka rubuta a shafin gaskiya ne. Jerin ƙafafun iri ɗaya ne da na Pi, 1 volt 3.3 ce, 2 da 4 volt 5, 6 GND, har zuwa 40. Abin da ba a ce ba, kuma ni na cike da kaina, shi ne ta wane gefe jerin ya fara. A Pi lamba ɗaya tana layin ciki, ta ɓangaren da memori yake, lambobin cika kuma suna layin bakin allo. A wannan an juya jerin gaba ɗaya. In za ka ɗora masa abin da aka yi wa Pi, sai dai abin ya leƙo waje kamar baranda, ba ya rufe saman allon ba. Daidai ɗin shi ne ya fi kama da kuskure a ido.

A tiro-tiro na dawowa na yi lissafin ɓarnar a bayan tikitin kanti, kuma ina so duk mai wannan harka ya yi shi sau ɗaya da hannunsa. In ka juya soket mai rami 40, kowane rami yana faɗawa kan ƙafar da in ka haɗa lambobinsu za su ba da 41. Ramin 1 kan ƙafa 40, ramin 2 kan 39. To 39 GND ce, 2 kuma volt 5. Ke nan ramin GND na 39 a allona ya zauna a kan volt 5, ramin volt 5 kuma ya zauna a kan GND. Duk abin da ke allona ya sha wuta a juye, shi ya kashe gilashi ya fasa kafasita. Wannan ƙaramar ɓarna ce. Babbar ita ce wayar nan da na haɗe GND takwas da ita saboda ƙwazo. Da ta ɗauki volt 5 daga ƙafa ta 2, sai ta raba wa sauran bakwai, su kuma suna zaune a kan 35, 32, 27, 21, 16, 11 da 7. Dukkansu ƙafafun saƙo ne da ke shiga kai tsaye cikin IC. Ni da na sa razista biyu don in kare ƙafa ɗaya daga volt 5, na ɗura wa bakwai a lokaci guda, babu ko razista ɗaya a tsakani. Sau biyu.

Na sami Kawu a shago bayan la'asar. Na durƙusa na ce, "Kawu, na yi ɓarna." Ya ce, "Nawa suka rage?" Na ce ɗaya. Ya ɗan ja carbi, ya ce, "To wannan ɗayan, kai za ka kunna ko dattijon?" Bai nemi kuɗinsa ba, wanda da ya nema da ya fi mini sauƙi. Ya dai ba Mma, mahaifiyata, labari a waya tun kafin in isa gida, na tarar tana jirana da tuwo da tambayar ko karatun da na yi ba a koyar da ƙirga ɗaya zuwa arba'in. Na kuma koma na rubuta wa mai sayarwar nan ban-haƙuri. Ya amsa da hoton shafin littafin, an zagaye lamba ɗaya da jan layi. Littafin da na ƙi saukewa don kar in ƙona data.

Allo na uku na bi shi kamar mai tafiya a kan ƙwai, kuma ya nuna mini cewa ko da ban juya soket ba, da sauran rina a kaba. Akwatunan roba uku dai sun tashi a banza, ramukansu duk a gurbin da ba shi ba. Maimakon baranda sai na yi amfani da faffaɗar waya mai layi 40, mai jan layi a gefe ɗaya, na sa jan a kan lamba ɗaya a ɓangarorin biyu, na ɗiga jan farce na ƙanwata a kusurwar allo da ta soket. A nan ma akwai rami. Wayar tsohon hard disk na kwamfutar tebur tana shiga daidai, kuma suna nan birjik wurin masu kayan gwangwan, amma mai siraran layi 80 an haɗe wasu ramukanta da juna a ciki, in ka sa ta ka gama da allonka. Mai layi 40 ake nema, ita ma a bi ta da mita rami-rami kafin a yarda da ita.

Sai sunaye. Ƙafa ɗaya a Pi tana da suna uku: ta 11 a ƙirgen jeri, ita ce GPIO17 a ƙirgen Broadcom, kamfanin da ya yi IC ɗin Pi, ita ce kuma 0 a ƙirgen manhajar wiringPi. Manhajar da na rubuta da lambobin Broadcom take magana, ta hanyar RPi.GPIO, kayan manhajar da ke sarrafa ƙafafun, wanda bai san wani IC ba sai na Pi. A Allwinner ƙafafu rukuni-rukuni suke da harafi, PA, PC, PG da sauransu, kowane harafi yana da gurbi 32. A na farawa daga 0, C daga 64, G daga 192, don haka PG7 ita ce 199. Wace ce take zaune a kan ƙafa ta 11 a allonka, wannan littafi ne kawai zai gaya maka, kuma allo biyu masu IC iri ɗaya suna iya bambanta. Ban ƙara yarda da takarda ita kaɗai ba. Na ɗauki LED da razista 330, na kunna kowace ƙafa da umarnin gpioset, na ga ta haska da idona, sannan na rubuta lambarta a littafina. Yamma guda ta ci.

Na ƙarshe da ya ba ni mamaki shi ne rile. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kafin allo ya gama tashi, sai rile ya yi ta ƙas-ƙas, inji na shiga yana fita. A Pi ban taɓa ganin haka ba, domin GPIO 9 zuwa 27 suna tashi ne a janye zuwa ƙasa tun daga cikin IC, ashe abin da ke riƙe mini rile ke nan ban sani ba. A nan ƙafar a sake take, iska ma na iya kaɗa ta. Razista 10k zuwa GND ta kashe maganar. Amma a garin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba baƙo ba ne, da na kai shi gidan haya haka, da injin Kawu ne zai bi sahun alluna biyu.

Daga baya da na zauna karatun da ya kamata in yi tun farko, na ga ita kanta Pi ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ta farko da ta fito a Fabrairun 2012 ƙafa 26 gare ta. Kafin shekarar ta ƙare aka fito da gyararriya, aka canza abin da ke kan ƙafa ta 3 da ta 5 da ta 13, wanda ya rubuta manhaja da tsofaffin lambobi ya wayi gari ba ta aiki. Sai a Yulin 2014, da B+, aka koma 40, aka bar 26 na farko yadda suke, aka ware 27 da 28 don allon ɗorawa ya gabatar da kansa. Abin da nake ɗauka kamar faɗar da ba ta canzawa, su da suka yi shi ma sun taɓa shi. Ina ga wani kamfani daban da ke ƙoƙarin cusa komai a allon da bai kai tafin hannu ba, wanda zai juya jeri duk inda wayoyinsa suka fi samun hanya.

Ba wai na daina hasashe ba, kar in yi muku ƙarya. Daɗi gare shi, kuma rabin hirar bes ke nan. A ƙarshen 2022 Eben Upton, shugaban masu yin Pi, ya ce kar a sa ran Pi 5 a 2023, sai ga ta an sanar a ranar 28 ga Satumban 2023. Watannin da ke tsakani mun ƙera ta mun rushe ta ya fi sau goma a bakin ataya. Mai sola ya ce za a canza ƙafafun, ni na ce ba za a taɓa su ba. Na ci wannan, 40 ɗin na nan yadda suke. Amma an ɗauke aikinsu an ba wani sabon IC mai suna RP1, RPi.GPIO ya daina aiki a kanta, an kuma cire ramin sauti na iyafis wanda babu ɗayanmu da ya kawo a ransa. Ko da na ci, rabi na ci. Bambancin kawai, wannan karon kofin ataya aka sa a caca, ba kuɗin Kawu ba.

Yanzu in sabon allo ya zo hannuna, kifa shi nake fara yi in nemi mai kusurwa huɗu. Sai mita a wurin ƙara, allo a kashe, in nemo GND. Sai in kunna shi shi kaɗai in auna inda 5 take da inda 3.3 take. In abu ya ƙone kuma, ba na buɗe leda ta biyu a ranar, ko da kuwa na rantse na san dalili. Musamman ma in na rantse. Alluna biyun na huda su na rataye a ƙusar da mita take, duk wanda ya shigo sai ya tambaya, ni kuma sai in faɗa, ko da yake 'yan bes sun riga ni yaɗawa. Sunana a can yanzu Lamba Ɗaya. Baƙo in ya ji sai ya ɗauka yabo ne.

Gidan Nima ne ya samu allo na uku. Mamobi da New Town kuwa, ranar da na koma yi wa dattijon godiya da goro, ya saurari duk abin da na'urar take yi, ya jawo wata leda daga ƙarƙashin tebur ya miƙo mini makunni mai yawo a ruwa, irin mai ƙwallon roba da doguwar waya. Ruwa ya sauka ya kunna, ruwa ya cika ya kashe. Ya ce, "Kai wa kawunka wannan, ka ce in ji ni." Su na sa a gidaje biyun, da ƙaramar mitar ƙirga awa a gefen kontakta. Tun daga lokacin ba a kira ni Mamobi ko New Town kan maganar tanki ba. Na Nima sau biyu memorinsa na lalacewa saboda ɗauke wuta, sau biyun kuma da daddare na je na canza, lokacin da na san Kawu ya riga ya shiga gida.